A bar wa 'yan sakandaren Amurka ƙwallonsu, amma a tsare musu kai

Wata Juma'a cikin watan Oktoba na ɗauki ɗan bidiyo a filin wasan ƙwallon Amurka na makarantar sakandaren garin da nake zaune, a arewacin jihar Texas, na tura zauren WhatsApp na gidanmu. Bidiyon bai kai minti ɗaya ba. Ga jama'a maƙil a kan benci, ga 'yan badujala suna busa da kiɗa, ga yara sanye da hular kwano, kafaɗu a kumbure kamar an ɗaura musu lifidi, suna ɓarkowa fili a guje.

Kafin in koma gida, Yayana ya aiko da saƙon murya daga Kano. Ya ce: "Kai ƙanena, wannan wane irin shirme ne? Gari guda a taru a kan yaran makaranta suna karo da kai kamar raguna? Kuɗi ne suka yi wa mutanen nan yawa."

Maganar ta tsaya mini a rai har na kwana da ita. Shekarata ta farko a nan ni ma kallon da na yi wa abin ke nan. Yanzu da na daɗe ina zuwa, na zauna da iyaye da malamai da tsofaffin garin, ra'ayina ya sauya. Wasan nan ya cancanci a kare shi, domin ban ga abin da ke ɗaure gari da makarantarsa kamar sa ba. Sai dai a cikin maganar Yaya akwai wuri guda da ya taɓa gaskiya mai ɗaci, wato karon kai, kuma ba zan kauce masa ba.

Me ake yi a filin?

Sunan ne yake fara rikita mutum. Suna ce masa ƙwallon ƙafa, alhali hannu ne ke yawancin aikin, kuma ya fi kusa da zari-ruga. Kowane ɓangare mutum 11. Tsawon fili yadi 100, da ƙarin yadi 10 a kowane ƙarshe. Ɓangaren da ke riƙe da ƙwallo yana da dama huɗu ya ci gaba yadi 10. In ya ci, a sabunta masa huɗun. In ya kasa, ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. Wanda ya tsallaka da ƙwallo gidan ƙarshe ya ci maki 6, sannan a ba shi damar ƙarin maki 1 da bugun ƙafa, ko maki 2 in ya sake tsallakawa. Buga ƙwallo ta tsakanin sanduna maki 3 ne.

A sakandare wasan zango huɗu ne, kowanne minti 12, ba 15 ba irin na jami'a da na ƙwararru. Akwai ƙungiyar ƙasa ta wasannin sakandare da ke birnin Indianapolis, wadda aka kafa a 1920, ita ke rubuta dokokin da jihohi ke bi. Texas ce ta ware, tana amfani da dokokin jami'o'i da 'yan gyare-gyare. Iyakar abin da mai kallo ke buƙata ke nan.

Daren da aka ware wa yara

Mako a Amurka a rabe yake lokacin kaka: Juma'a ta 'yan sakandare, Asabar ta jami'o'i, Lahadi ta ƙwararru. Da farko na ɗauka al'ada ce kawai. Ashe har da doka. Majalisar ƙasar ta yi dokar watsa wasanni a 1961, ta yi mata ƙari a 1966. A ƙarƙashinta, gasar ƙwararru ta NFL za ta rasa rangwamen da doka ta yi mata wajen sayar da izinin nuna wasanninta idan ta nuna wasanta a talabijin daren Juma'a ko ranar Asabar, daga Juma'a ta biyu a Satumba zuwa Asabar ta biyu a Disamba, daga tashar da ke cikin mil 75 da inda makaranta ke wasa.

A tsaya a duba wannan da kyau. Gasar da ta fi kowace gasa kuɗi a ƙasar, an ce mata ta kauce daga hanya don kada ta janye 'yan kallo daga wasan yara 'yan shekara 16. Wannan doka ita ta fara sauya mini tunani.

Abin kuma ba na jiya ba ne. A jihar Connecticut, makarantun Norwich da New London sun fara karawa tun 1875. A Boston, makarantun Latin da English suna haɗuwa a Ranar Godiya, hutun Amurkawa na watan Nuwamba, tun 1887. A garin Massillon na jihar Ohio, wanda ke adawa da Canton McKinley tun 1894, ƙungiyar magoya bayan makaranta takan kai wa jariri namiji 'yar ƙaramar ƙwallo tun yana asibiti. Kaka ya buga, uba ya buga, jika yana jiran shekarunsa su kai.

Wanda ya fi burge ni shi ne na ƙauyuka. A 1934, lokacin da talauci ya game Amurka, wani malami mai suna Stephen Epler a garin Chester na jihar Nebraska ya ga makarantarsa ba ta da yaran da za su cika 11. Sai ya ƙirƙiro wasan mutum shida-shida a ƙaramin fili. Har gobe ana buga shi a ƙananan garuruwan Texas da wasu jihohi. Suna da wata doka ta jinƙai: in wani ɓangare ya yi gaba da maki 45 daga hutun rabin lokaci zuwa sama, sai a tashi wasa, kada a ci gaba da wulaƙanta yaran mutane. Masu neman hanyar ɓarnar kuɗi ba su ne za su zauna su ƙirƙiro irin wannan ba. Talakawa ne da ba su son garinsu ya mutu.

Bari in faɗi abin da idona ke gani. Nakan yi sallar Magariba a gefen motata a wurin ajiye motoci, sannan in bi layin tikiti. Matar da ke yaga tikitin uwar ɗaya daga cikin masu busa ƙaho ce, kyauta take yi. Masu gasa nama a rumfar bayan benci iyaye ne, cinikin kuma na sayen kayan badujala ne. A layin da nake zama akwai wani dattijo da matarsa, da bargo guda a kan gwiwoyinsu. 'Ya'yansu sun gama makarantar shekaru aru-aru, ba su da kowa a cikin fili, amma ba su fashi. Tsohon ya san sunan shugabar makaranta, ya san an sauya malamin lissafi, ya san rufin ɗakin gwaje-gwaje yana yoyo. Daga ina ya sani? Daga zaman bencin nan.

Kuma 'yan wasa ba su ne mafi yawan yaran da ke aiki a daren ba. Akwai 'yan badujala, da 'yan mata masu zuga jama'a, da masu rawa da tutoci, da masu ɗaukar hoto, da masu kai ruwa. Yaron da ba ya iya gudu yana da ganga, wadda ba ta son ganga tana da kyamara. Da wuya ka sami gida a unguwa da ba shi da wani a wurin.

Yaya da kansa ba ya wuce gidan dambe. Ya san yadda zuciya ke yi in ɗan ɓangarensu ya shiga fage, makaɗi ya kama kirarinsa. To a ɗauki wannan zafin son, a ɗora shi a kan makarantar gwamnati ta unguwa, a yi ta maimaitawa kowace Juma'a shekara ɗari. Abin da Amurkawa suka yi ke nan.

"Ai ɓarnar dukiya ce"

Mai wannan magana yana da hujja, kuma ba ta da nisa da inda nake. Garin Allen, kusa da Dallas, ya buɗe filin wasan sakandare a 2012 mai ɗaukar mutum 18,000, a kan kuɗi kusan dala miliyan 60. Bai cika shekara biyu ba aka ga kankare ya tsattsage, aka rufe shi a 2014, sai 2015 aka sake buɗewa. Garin Katy, kusa da Houston, ya biyo baya a 2017 da nasa na kusan dala miliyan 70.

Ni ma ina ganin an wuce gona da iri. Yaro ɗan shekara 15 ba ya buƙatar allon talabijin mai girman bene kafin ya koyi juriya.

Amma a san yadda kuɗin ke fitowa. Ba wani shugaba ne ya wayi gari ya ba da kwangila ba. Mutanen Allen sun kaɗa ƙuri'a a 2009 suka amince a ciwo bashin dala miliyan 119, wanda za su biya da harajin gidajensu. A cikin kuɗin har da babban zauren kiɗa da wasan kwaikwayo, da cibiyar kula da motocin makaranta. Kuma a dokar Texas, irin wannan bashi na gini ne, ba a biyan albashin malamai da shi. Don haka mai cewa "da an ba malamai" bai fahimci cewa aljihun daban-daban ne ba.

Abin da na fi lura da shi shi ne, mutumin da ke zuwa filin kowace Juma'a shi ne ke fitowa ranar ƙuri'a in an ce ana son gina sababbin azuzuwa. Makarantar da mutum bai taɓa taka ƙofarta ba, da wuya ya yarda a ƙara masa haraji dominta.

"Wasa zai cinye karatu"

Ya taɓa cinyewa, shi ya sa aka yi masa linzami. A 1984, zamanin gwamna Mark White, Texas ta yi dokar da ta tayar da ƙura, bayan wani kwamiti da attajirin nan Ross Perot ya jagoranta. Dokar ta ce duk ɗalibin da ya sami ƙasa da maki 70 a darasi ko da ɗaya ne, ba shi ba wasa har mako shida. Koci-koci sun yi ta kumfar baki. A 1995 aka rage hukuncin zuwa mako uku, amma dokar tana nan daram.

Na ga aikinta a gidan maƙwabcina. Ɗansa ƙato ne, mai son wasa, mai gudun littafi. Uwarsa ta yi faɗa, ta yi lallashi, ta ƙwace waya, duk a banza. Ranar da sakamako ya fito ya faɗi kimiyya, sai ga shi a gefen fili daren Juma'a da rigar gida, abokansa suna ciki, gari duka yana kallo. Tun daga makon nan yake zuwa darasin ƙari da sassafe kafin a buga ƙararrawa. Abin da bulala ba ta yi ba, benci ya yi.

In kuma aka zo gaɓar da dole a zaɓi ɗaya, na san inda nake tsaye. A 2012, ƙaramin garin Premont a kudancin Texas ya dakatar da wasanni gaba ɗaya, saboda hukuma na shirin rufe makarantunsa kan matsalar kuɗi da faɗuwar ɗalibai. Sun yi daidai. Makaranta ce uwa.

Inda nake jin haushin wasu iyaye shi ne mafarkin zama ƙwararre. Yara wajen miliyan ɗaya ne ke buga wasan a sakandaren Amurka. Waɗanda ke ci gaba a manyan gasannin jami'a ba su wuce bakwai ko takwas cikin ɗari ba, NFL kuwa a zaɓen sababbin 'yan wasa da take yi duk shekara ba ta ɗaukar mutum 300. Uban da ya mai da ɗansa jari yana cutar yaron, yana kuma ɓata wasan. Yawancin yaran nan ranar wasansu na ƙarshe a ajin ƙarshe ita ce rana ta ƙarshe da za su sa hular kwano a rayuwarsu, kuma wannan ba aibu ba ne.

Wani ɗan'uwa a masallacinmu yakan ce wannan harka ba ta 'ya'yan Musulmi ba ce. Nakan ba shi labarin makarantar Fordson a garin Dearborn na jihar Michigan, inda yawancin 'yan wasa Musulmi ne. Da azumi ya faɗo cikin zafin Agustan 2010, kocinsu ya mai da atisaye cikin dare, daga ƙarfe 11 zuwa 4 na asuba, yara su sha ruwa su yi sahur su kwanta. Ba su bar azumi ba, ba su bar wasa ba.

Maganar kai

A nan ne Yaya ya fi ni gaskiya, kuma a nan nake so in daɗe.

Wasan nan ya taɓa kashe mutane a fili ƙuru-ƙuru. A 1905 kaɗai aƙalla mutum 18 suka mutu, da yawansu 'yan sakandare. Shugaba Theodore Roosevelt ya kira wakilan jami'o'in Harvard da Yale da Princeton fadarsa ya ja musu kunne. A 1906 aka sauya dokoki, aka halatta jefa ƙwallo gaba don a warwatsa cincirindon da ke murƙushe mutane. Masu son tsohon salo sun ce an lalata wasa. Yau wannan jifar ita ce ƙawar wasan.

Illar da ake fama da ita yanzu ɓoyayya ce, kuma ɗan Najeriya ne ya tono ta. Dakta Bennet Omalu, haifaffen jihar Anambra, yana aikin binciken gawa a Pittsburgh a 2002 aka kawo masa gawar tsohon ɗan wasa Mike Webster. Ya duba ƙwaƙwalwarsa ya ga lalacewar da ke zuwa daga yawan buguwar kai, wadda ake kira CTE, ya wallafa sakamakon a 2005. Masu cin abinci da wasan sun yi masa ca, amma daga baya gaskiyarsa ta fito. A 2017 masu bincike a Jami'ar Boston sun duba ƙwaƙwalen tsofaffin 'yan wasa da suka rasu. Cikin 'yan NFL 111, sun sami cutar a 110. Cikin 14 da suka tsaya a sakandare, sun same ta a uku. Iyalan da suka ga alamun ciwo ne suka ba da ƙwaƙwalen, don haka wannan ba lissafin dukan 'yan wasa ba ne. Duk da haka, ukun nan sun hana ni barci.

Mutane sukan ce ai akwai hular kwano. Hula tana hana ƙoƙon kai fashewa, ba ta hana ƙwaƙwalwa girgiza a ciki. Ka zuba nono a ƙwarya, ka rufe, ka naɗe ta da bargo goma, sannan ka gwara ta da bango. Ƙwarya za ta tsira, amma nonon ya riga ya kaɗu.

Na taɓa ganin abin a kusa. Ana tsakiyar zango na uku, yara biyu suka haɗu da ƙarfi har ƙarar hulunan ta iso inda muke. Ɗaya ya tashi, ɗaya bai motsa ba. Badujala ta tsaya cak. 'Yan wasan ɓangarorin biyu suka durƙusa a gwiwa ɗaya, kamar yadda al'adarsu take in wani ya ji rauni. Dubban mutane, amma kana jin tarin wanda ke can nesa. Na ga wata mata tana saukowa daga benci tana kama ƙarfe, takalminta ɗaya ya tsaya a baya ba ta waiwaya ba. Bayan wasu mintuna yaron ya zauna, aka miƙar da shi, aka yi tafi. Mai kula da lafiyar 'yan wasa ta karɓe masa hula ta riƙe a hannunta, don kada ya saci jiki ya koma.

Wannan karɓe hular ma doka ce ta kawo shi. A 2006, wani yaro ɗan shekara 13 a jihar Washington, Zackery Lystedt, ya bugu a ka, aka mai da shi fili a wasan nan, ya ƙare da naƙasa mai tsanani. A 2009 jihar ta yi doka da sunansa: duk yaron da ake zargin ƙwaƙwalwarsa ta girgiza a fitar da shi, kuma ba zai dawo ba sai da takardar ma'aikacin lafiya. Zuwa 2014 duk jihohi 50 sun yi irinta. Texas kuma tun 2013 ta taƙaita atisayen karo na gaske zuwa minti 90 a mako.

Dakta Omalu yana ganin duk wannan bai isa ba. Matsayinsa shi ne kada wanda bai kai shekara 18 ba ya buga wasan. Ina girmama shi, kuma ba zan ce na fi shi sanin ƙwaƙwalwa ba. Inda na tsaya ƙasa da nasa kaɗan ne, ga dalilina. Wani binciken na Jami'ar Boston ya nuna haɗarin yana hauhawa da yawan shekarun da mutum ya yi yana karo. Yaron da ya fara yana ɗan shekara shida ya sha bugun shekara goma sha biyu kafin ya bar sakandare. Wanda ya fara a 14 ya sha na huɗu. Saboda haka abin da nake so shi ne a hana karo ƙasa da shekara 14, yara su yi ta buga mai tuta, wanda ake zare ƙyalle daga ƙugun mai ƙwallo maimakon a kayar da shi. Wasan na tuta ma ba abin rainawa ba ne, yana cikin wasannin Olamfik na Los Angeles a 2028. A ƙara rage karo a atisaye. Makarantar da ba ta da ƙwararren mai kula da lafiya a bakin fili, kada a bar ta ta buga. Garin da ya iya gina fili na dala miliyan 60 ba shi da bakin cewa albashin mutum ɗaya ya gagare shi. Kocin da ya mai da yaro fili yana layi kuwa, a kore shi a ranar, ko kofi nawa ya ciwo.

Za a ce an tausasa wasa, an cire masa armashi. Haka aka ce a 1906.

Watan jiya ɗana, mai shekara 12, ya shigo da takarda daga makaranta ya ajiye mini a kan tebur. Ya ce: "Abba, ka sa mini hannu. Duk abokaina sun shiga." Na karanta ta har ƙarshe, har shafin da ke bayanin alamun girgizar ƙwaƙwalwa: ciwon kai, jiri, amai, mantuwa. Na ce masa bana da baɗi mai tuta zai buga, in ya shiga sakandare mu je tare in ga mai kula da lafiyarsu ido da ido, sannan mu sake magana. Ya yi fushi, ya ƙi cin abincin dare. Takardar tana cikin durowa ba sa hannu.

Da Juma'a ta zagayo, shi ya riga ni shiga mota, sanye da rigar makarantar garin. Na sake ɗaukar wani bidiyon na tura wa Yaya, wannan karon na tsohon nan da matarsa a ƙarƙashin bargonsu.